Me ya sa Saudiyya ke ƙona ɗanyen mai don samun wutar lantarki har yanzu?

A watan Yunin 2024, watan da aka yi aikin Hajji cikin zafin da ya kai maki 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Makka, tashoshin wutar lantarki da na tace ruwan teku a Saudiyya sun riƙa cinye ɗanyen mai da baƙin mai, wato dagwalon da ke saura bayan an tace mai, sama da ganga miliyan 1.4 a kowace rana. Wannan adadi kusan daidai yake da duk ɗanyen man da Najeriya ke haƙowa a rana a lokacin. Mai ne da ba a sayar wa kowa a waje ba. An zuba shi cikin wuta ne a gida domin na'urorin sanyaya ɗaki su yi aiki, famfo kuma ya kawo ruwa.

Abin da ya sa wannan ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, sauran duniya ta daɗe da barin wannan hanya. A 1973, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar lantarkin duniya daga mai ake samun sa. Yau bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kuma abin ban mamaki, Saudiyya ce da kanta ta kori duniya daga kan mai. Lokacin yaƙin Oktoban 1973, a zamanin Sarki Faisal, ƙasashen Larabawa suka rage haƙar mai, suka hana sayar da shi ga Amurka da wasu ƙasashen da ke mara wa Isra'ila baya. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Faransa ta rungumi makamashin nukiliya tun daga 1974. Japan, wadda sama da kashi 70 cikin 100 na wutarta daga mai yake a lokacin, ta koma ga nukiliya da kwal da iskar gas da ake kawowa a jiragen ruwa. Amurka ta yi doka a 1978 da ta taƙaita gina sababbin tashoshin da ke amfani da mai. Kowa ya gane cewa mai ya fi ƙarfin a ƙona shi a tukunyar tururi, wurinsa tankin mota ne da jirgin sama da masana'antar robobi.

Ita kuwa Saudiyya, wannan tsada ba ta taɓa ta a gida ba. Kuɗi ne ma suka yi ta kwarara. Da kuɗin aka shimfiɗa birane, aka kai wuta ƙauyuka, jama'a suka ƙaru daga kusan miliyan 7 a ƙidayar 1974 zuwa sama da miliyan 32 a ta 2022. A wajajen 2010, fiye da rabin wutar ƙasar daga mai yake fitowa. Yanzu ya sauko, amma har yau ya haura kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma kusan duka iskar gas ce.

Gas a gabas, jama'a a yamma

Mai karatu zai iya tambaya: ƙasar da take da iskar gas mai tarin yawa, me ya kai ta ƙona mai? Amsar farko tana kan taswira. Rijiyoyin mai da gas na Saudiyya a gabas suke, a bakin Tekun Fasha. Can aka fara samun mai a Dammam a 1938, can ne kuma filin Ghawar yake, wanda babu kamarsa a doron ƙasa. Amma Jidda da Makka da Madina da Ɗa'ifa da Yanbu da Jazan duk suna yamma, ta ɓangaren Bahar Maliya, da tazarar da ta haura kilomita 1,000 ta hamada da duwatsu. Ɗanyen mai yana da sauƙin kaiwa: akwai bututun da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa Yanbu tun farkon shekarun 1980, ga jiragen dako, ga tankoki. Ana iya tara shi a manyan tankuna a jira ranar buƙata. Gas ba ya ajiyuwa cikin sauƙi haka, sai an ja masa bututunsa har ƙofar tasha. Shi ya sa manyan tashoshin yamma, irin su Shu'aiba da ke kudu da Jidda, mai ƙarfin megawat 5,600, da Rabig da Shuƙaiƙ, aka gina su a kan mai.

Duk alhajin da ya taɓa buɗe famfo a masaukinsa a Makka, akwai yiwuwar ruwan da ya zubo masa daga Shu'aiba ya taso. Ruwan teku ne aka raba shi da gishiri. Tsohuwar hanyar yin hakan ita ce a tafasa ruwan a tara tururinsa, kuma a tasha guda ake haɗa aikin biyu: tururin da ya juya injin wuta shi ne ke dafa ruwan. Saboda haka a Saudiyya maganar wuta da maganar ruwan sha ba sa rabuwa. Ƙasa ce da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara. In tashar ta tsaya, duhu ne da ƙishirwa a lokaci guda, kuma babu gwamnatin da za ta yi wasa da wannan don ta tsimin ganga.

Amsa ta biyu ta fi wannan sarƙaƙiya. Shekaru da dama, mafi yawan gas ɗin Saudiyya irin wanda ke fitowa tare da ɗanyen mai ne daga rijiya guda. Da farko ma ƙona shi ake yi a banza a sararin sama, kamar yadda aka daɗe ana yi a yankin Neja Delta. A 1975 gwamnati ta umarci kamfanin Aramco ya gina babban tsarin tattara wannan gas da sarrafa shi da rarraba shi, aka kammala kashin farko a farkon shekarun 1980. Aiki ne da ya cancanci yabo, shi ne ya raya garuruwan masana'antu na Jubail da Yanbu. Sai dai yana da lam'a. Gas ɗin da ke biye da mai, yawansa ya dogara ne da yawan man da aka haƙo. A tsakiyar shekarun 1980, da Saudiyya ta zaftare haƙarta daga kusan ganga miliyan 10 a rana zuwa ƙasa da miliyan 4 don kare farashi, gas ya yi ƙaranci a gida. Wato duk lokacin da ƙungiyar OPEC ta ce a rage mai, tashoshin wutar Saudiyya su ma sai sun ji a jikinsu. Daga nan ne aka fara neman gas mai zaman kansa a can ƙarƙashin Ghawar, daga baya aka shiga teku, aka buɗe filin Karan, sannan masana'antun sarrafa gas na Wasit a 2016 da Fadhili bayan 'yan shekaru.

Ko da aka samu ƙarin, masu jiran sa sun yi yawa. Kamfanonin sinadarai irin su SABIC suna so, masu taki suna so, masu tace ruwa suna so. Ga maƙwabciya Ƙatar da gas kamar ya yi magana, bututunta na Dolphin yana kai wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman, amma siyasa ba ta bari Saudiyya ta sayi ko kaɗan ba. Kuwait ta sauke girman kai tun 2009 ta fara shigo da gas ta jirgin ruwa. Saudiyya ba ta yi ba. Duk giɓin da ya rage, da mai take cike shi.

Zafi, da farashin da bai faɗi gaskiya ba

Buƙatar wuta a Saudiyya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce a tsawon shekara. Da sanyi tana sauka sosai, daga Mayu zuwa Satumba kuma ta yi tashin gwauron zabi. A 'yan shekarun nan ƙololuwar buƙatar ta haura megawat 70,000. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce babbar mai cin wutar, domin a gidaje takan lashe kusan kashi 70 cikin 100 a watannin zafi. Kada a ɗauki wannan a matsayin jin daɗi kawai. A garin da zafi ke haura maki 45, sanyaya ɗaki maganar rai ce ga tsoho da jariri da majinyaci. Shi kansa Masallacin Harami manyan tashoshin sanyi biyu ne ke yi masa hidima, ta Ajyad da ta Shamiyya. To wannan tashin na bazara shi ne mai ke ɗauka. Gas yana riƙe da gindin buƙatar duk shekara, in zafi ya kankama sai a buɗe tankunan ɗanyen mai. A bazarar 2014 da ta 2015, ɗanyen mai kaɗai da aka ƙona ya kai kusan ganga 900,000 a rana.

A ganina, duk waɗannan dalilai na taswira da yanayi gaskiya ne, amma tushen abin farashi ne. Har zuwa ƙarshen 2015, tashar wuta a Saudiyya tana sayen gangar ɗanyen mai a kan dala 4 da 'yan kai, alhali a shekarun 2011 zuwa 2013 wannan ganga ɗin tana haura dala 100 a kasuwar duniya. Gas kuma santi 75 ne a kan ma'aunin da ƙasashen Asiya ke biyan sama da dala 10. Magidanci yana biyan halala 5 kacal a kan kilowat ɗaya na awa guda a matakin farko na amfaninsa, kuma halala 100 ce riyal ɗaya. Da irin wannan farashi, wane manajan tasha ne zai damu da cewa tsohon injinsa yana ɓarnatar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man a hayaƙi da zafi, alhali sabuwar tashar gas mai zagaye biyu, wadda ke sake amfani da zafin hayaƙinta ta juya wani injin, tana cin moriyar fiye da rabi? Wane mai gini ne zai kashe kuɗi ya sa wa bango da rufi abin tare zafi? Hukumomin ƙasar da kansu sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na gine-ginen ba su da shi. Aka gina birane na siminti da gilashi a tsakiyar hamada, aka cika su da iyakwandishan mafi arha kuma mafi cin wuta, domin wutar kusan kyauta ce.

Akwai masu cewa ai babu asara, tunda haƙo ganga a Saudiyya ba ya cin fiye da 'yan daloli, kuma man na 'yan ƙasa ne. Wannan magana tana da nauyinta. Wuta da ruwa da fetur masu arha wani ɓangare ne na fahimtar da ke tsakanin gidan sarauta da talakawa: arzikin ƙasa ne, kowa ya ɗanɗana. Amma lissafin bai tsaya nan ba. Kason da OPEC ke ba kowace ƙasa a kan abin da ta haƙo yake, ba a kan abin da ta fitar waje ba. Saboda haka duk gangar da aka ƙona a Shu'aiba, ganga ce da aka cire daga cikin na sayarwa. Ganga miliyan 1 a rana, a kan dala 70, dala miliyan 70 ke nan kullum, sama da dala biliyan 25 a shekara. Sannan tallafin da aka bayar ta hanyar farashi ba ya rabuwa daidai. Mai katafaren gida da na'urori ashirin shi ke kwashe kaso mafi tsoka, mai ɗaki biyu ya samu ɗan abin da ya samu. Mu da muka ga rigimar tallafin fetur a Najeriya mun san wannan hujjar, mun kuma san zafin da ke biyo bayan cire shi.

Gargaɗi ya fara fitowa fili a 2011, lokacin da cibiyar Chatham House ta Landan ta fitar da rahoton da ya nuna cewa in cin mai a cikin gida ya ci gaba da hauhawa haka, zai cinye abin da ake fitarwa. A 2012 masu nazari a bankin Citigroup suka ce Saudiyya na iya zama mai shigo da mai nan da 2030. Hasashen bai tabbata ba, amma ya girgiza mutane. Abin da ya tilasta gyara na gaske shi ne faɗuwar farashi daga tsakiyar 2014, wadda ta bar kasafin 2015 da giɓin kusan dala biliyan 98. A farkon 2016 aka ƙara kuɗin makamashi da ruwa. Jama'a suka yi ta ƙorafi a kan takardun kuɗin ruwa, har aka sauke ministan ruwa da lantarki, Abdullahi al-Husayyin, a watan Afrilun shekarar. Gwamnati ta ɗauki darasi. Kafin ƙari na biyu, ta buɗe Asusun Ɗan Ƙasa a Disambar 2017, inda ake tura wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗi kai tsaye, sannan a Janairun 2018 kuɗin wutar gida ya koma halala 18 har zuwa kilowat 6,000 na awa guda a wata, halala 30 ga abin da ya haura. Wannan jerin, a fara biyan talaka kafin a ƙara masa farashi, shi ne abin da na fi ganin hikima a cikin dukkan labarin. Kuma ya yi aiki: buƙatar wuta, wadda ta saba ƙaruwa da kashi 6 zuwa 7 a shekara, ta tsaya cik na wasu shekaru.

Baƙin man Rasha

Wani abu da ke rikita masu bin alƙaluma shi ne, raguwar ɗanyen man da ake ƙonawa ba kullum take nufin raguwar dogaro da mai ba. Sau da yawa musanya aka yi, aka koma kan baƙin mai, wato dagwalon da ke saura a gindin matata bayan an cire fetur da kananzir da dizal. Ya fi arha, ya kuma fi ƙazanta, domin cike yake da farar wuta. A 2020 dokar jiragen ruwa ta duniya ta rage yawan farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi zuwa kashi 0.5 cikin 100, baƙin mai ya rasa manyan masu sayensa. Bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, ƙasashen Turai suka juya wa man Rasha baya, Rasha ta karya farashi, Saudiyya ta zama cikin manyan masu sayen baƙin manta. Ta fuskar ciniki dabara ce: ka sayi mai arha ka ƙona, ka sayar da naka mai tsada. Amma mutanen da ke shaƙar iskar gaɓar Bahar Maliya ba su ci ribar wannan ciniki ba, kuma ba kasafai ake sa su cikin lissafi ba.

Alkawarin 2030

Manufar da gwamnati ta sa a gaba yanzu, ƙarƙashin shirin Yarima Muhammad bin Salman na 2030, ita ce a raba wutar ƙasar gida biyu, rabi daga gas, rabi daga rana da iska, a kuma fitar da kusan ganga miliyan 1 a rana daga tashoshin wuta da na ruwa da masana'antu da gonaki. Ɓangaren gas ya dogara ne kan filin Jafura da ke gabas da Ghawar, inda gas ɗin ke maƙale cikin dutse sai an farfasa shi, aikin da zai ci sama da dala biliyan 100. A Yunin 2024 Aramco ya ba da kwangilolin sama da dala biliyan 25 na kashi na biyu na Jafura da kuma ƙarin bututun gas na kusan kilomita 4,000, wanda zai kai gas ga biranen yamma da kudu da suka daɗe suna rayuwa a kan mai. Ana gina sababbin tashoshin gas a Ɗaiba da Ƙasim. A wajen ruwa kuma ana barin tafasawa ana komawa tacewa ta matsi, wadda ke cin makamashi kaɗan ƙwarai in aka gwada da tsohuwar hanya. A farkon 2024 ma gwamnati ta ce wa Aramco ya dakatar da shirin ɗaga ƙarfin haƙarsa daga ganga miliyan 12 zuwa 13 a rana. Lissafin a bayyane yake: in za ka kuɓutar da ganga miliyan 1 daga wuta a gida, ba ka da buƙatar kashe biliyoyi wajen haƙo wata sabuwa.

Maganar hasken rana kuwa sai an yi ta da taka-tsantsan, domin an sha yin alkawari. A 2012 an yi shelar megawat 41,000 na sola nan da 2032, ba a gina komai ba na tsawon shekaru. A 2018 aka sa hannu da kamfanin SoftBank na Japan kan megawat 200,000, maganar ta mutu cikin watanni. Tashar farko ta a-zo-a-gani, Sakaka, mai megawat 300, sai a 2021 aka ƙaddamar da ita. Har zuwa 2023, rana da iska ba su kai kashi 2 cikin 100 na wutar ƙasar ba. Amma daga nan abin ya fara sauri. An kammala Sudair mai megawat 1,500, ga injinan iska na Dumatul Jandal masu megawat 400, ga wata babbar gonar sola a Shu'aiba ɗin nan dai, wadda a 2021 aka yi tayin sayar da wutarta a kan santi 1.04 kowane kilowat na awa guda, farashin da duniya ba ta taɓa ganin mai arharsa ba a lokacin. Babu tashar mai da za ta iya gogayya da wannan in an sa wa man farashinsa na gaskiya.

Sola ta dace da Saudiyya ta wata fuska, tunda lokacin da rana ta fi ƙuna shi ne lokacin da ake neman sanyi. Matsalar tana zuwa bayan magariba. Bangon siminti ya sha zafi yini guda, a Jidda ga gumi mai nauyi, na'urori ba sa hutawa har asuba, rana kuwa ta faɗi. Wannan ne ya sa aka shiga girka manyan batura, irin na Bisha mai ɗaukar megawat 500 na tsawon awa huɗu. Awa huɗu ba dare ba ne. Ga ƙura da ke rufe faifan sola a ƙasar da ruwan wanki ke da tsada.

Ban ga alamar za a kai rabi daga rana da iska a 2030 ba, kuma ina ganin gas ne zai yi mafi yawan aikin korar mai. Babban abin da ke iya ɓata lissafin shi ne buƙatar da ta sake tashi. Ana faɗaɗa Riyad, ana gina sababbin birane da wuraren yawon buɗe ido, ana shirin baje kolin duniya na 2030 da gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2034, ana neman ƙara yawan masu Umara, ga cibiyoyin adana bayanan kwamfuta masu cin wuta dare da rana. In sabon gas da sabuwar sola suka tafi wajen ciyar da wannan ƙarin, tsofaffin tukwanen Shu'aiba da Rabig za su ci gaba da ci. Wanda ke son sanin inda aka kwana, ya bar jawaban taruka ya duba alƙaluman da Saudiyya ke miƙa wa cibiyar tattara bayanan mai ta JODI, wadda ofishinta ke Riyad, ya ga ganga nawa na ɗanyen mai da baƙin mai, a haɗe, aka ƙona a watannin Yuni da Yuli da Agusta na kowace shekara.